Mun Gajarta Sallama, Mun Tsawaita Zagi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu, 'yan uwa.

Kowa ya leƙa zauren WhatsApp na unguwarsu, Mabera ce ko Runjin Sambo ko Gidan Igwai a nan Sakkwato, duk kanwar ja ce. Da safe a shigo da "slm", a amsa da "wslm, ykk", a ce "lfy lau, ngd". In aka yi sanarwar rasuwa, za a yi jana'iza bayan azahar, sai a jera "RIP" da 'yar fuskar nan mai hawaye. Wani ma hoton ta'aziyya guda ya ajiye a waya, shi yake turawa duk wanda ya rasu, ko sunan mamacin bai tsaya karantawa ba. To ka dawo zauren da dare bayan an tashi ƙwallon Arsenal da Chelsea, ko in an taɓo siyasa. A nan ba mai gajarta komi. Zagi ake rubutawa cikakke, har da uwa da uba, in yatsa ya gaji a danna a ƙarasa da murya.

Ba cewa nake yi salon maganar samari haramun ne ba. Kowane zamani da bakinsa. Shehu Usmanu da ɗiyarsa Nana Asma'u sun iya Larabci, amma suka yi waƙoƙin wa'azi da Fulatanci da Hausa don saƙo ya kai ga makiyayi da matar da ke cikin gida. Don haka in yaro ya ce abu "ya haɗu", ko ya kira abokinsa "mutumina", ba ruwan kowa. Abin dubawa shi ne me muka zaɓa mu rage, me muka zaɓa mu cika.

Sallama ibada ce mai lada a ƙidaye. A hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wani ya shigo ya ce "assalamu alaikum", Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce goma. Wani ya ƙara "wa rahmatullah", ya ce ashirin. Na ukun ya cika da "wa barakatuhu", ya ce talatin. To mai "slm" fa, a ina za mu sa shi? Ga kuma aya ta 86 ta Suratun Nisa'i da ta ce in an gaishe mu, mu amsa da abin da ya fi kyau ko mu mayar da irinsa. Haka salati. Tun ana rubutu da alƙalamin kara, takarda na tsada, malaman hadisi irin su Ibnus Salah suka ƙi a mayar da salatin Annabi 'yan haruffa. Yau wayar da kanta take ƙarasa maka kalma, amma ƙyuya ta hana.

Wanda ya fi damuna shi ne zagin da ya zama kirari. Yaro ya sa hotonsa na gama karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da hula da riga, abokansa na zuba masa "shege mutumina", "ɗan iska ka gama da su", "kan uban nan". Ƙasa kaɗan kuma ga baffansa ya rubuta "Allah shi yi albarka", kuma ya karanta duk abin da ke sama. In ka yi magana a ce haba malam, ai wasa ne. Na yarda ba da nufin ɓatanci aka faɗa ba. Amma wanda ya zauna gaban malami aka biya masa Risala, littafin nan na fiƙihu, ya san cewa kore mutum daga ubansa babi ne na ƙazafi, kuma aya ta 4 ta Suratun Nur bulala 80 ta ambata ga mai jifan kamilar mace da zina ba shaidu huɗu. Kalmar da shari'a ta ɗauka da wannan nauyi ita muka mayar gaisuwa. Kuma ran da aka yi faɗa na gaske, ita ce dai za ta fito, don harshe ya riga ya saba.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa yana cikin manyan zunubai mutum ya zagi iyayensa. Sahabbai suka yi mamaki, wa zai zagi iyayensa? Aka ce musu zai zagi uban wani, shi kuma ya rama a kan nasa. Ka duba ƙarƙashin kowane rubutun siyasa a Facebook, wannan hadisin ne ke gudana, tsohuwa na gida tana jan carbi ɗanta na can yana janyo mata ashar daga bakin wanda bai taɓa ganinta ba.

Sai laƙabin banza da ake manna wa mutum saboda tsawonsa, ko launin fatarsa, ko garinsu, ko ƙungiyar addinin da yake bi. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun sunaye ƙarara. Mu Sakkwatawa da ake kwaikwayon harshenmu ana dariya mun san zafin abin, bai kamata a same mu muna yi wa wasu ba.

Wasu na ganin tunda ba da baki suka faɗa ba, ba a rubuta musu. Allah ya ce a Suratu Ƙaf, aya ta 18, ba wata magana da bawa zai furta face akwai mai tsaro a shirye tare da shi, kuma malamai sun daɗe da cewa alƙalami ɗayan harsuna biyu ne. Rubutu ma ya fi daɗewa. Maganar bakin kasuwa ta wuce a ranar, amma ashar ɗin da ka rubuta a 2019 yana nan, ana iya ɗaukar hotonsa a tura wa surukinka ko ɗanka.

Masu kula da zauruka, Allah shi taimake ku, da ku ma nake. Kuna da ikon goge saƙo da cire mai zagi, kuma in kun yi shiru an ga kamar kun yarda. Wanda kuma ya san ya laƙaba wa wani suna har ya bi shi, gogewa kaɗai ba ta isa ba, haƙƙin ɗan Adam ne. Ya kira shi a waya ya nemi afuwa, sannan ya koma zauren da aka yi dariyar ya faɗa a gaban kowa cewa a daina kiran wane da wannan sunan.