Daga yin afdet tab ya fara jan ƙafa, laifin waye?

A kasuwar waya ta Farm Centre ko Beirut Road a Kano ba ka minti goma a gaban teburin mai gyara sai wani ya zo da tsohon tab yana cewa "Malam lafiya lau yake fa, daga na yi afdet shi kenan." Mai gyara kuma amsarsa ɗaya ce, filashin, wato a goge manhajar tab ɗin a sake zuba ta.

Ni dai kafin ka ba da kuɗin filashin ka fara duba memori, don yawancin tab ɗin nan na yara cike suke maƙil da bidiyo da wasanni, sabon afdet kuma ya fi tsohon nauyi, to ina zai samu wurin shaƙar iska? Ka goge tarkace, ka kashe shi ka kunna, ka bar shi a caji ya kwana saboda bayan afdet yakan ɗau lokaci yana shirya kansa. In ka ga marfin baya ya ɗan taso ko gilashin yana ɗagowa daga gefe, batir ne ya kumbura, zafin Kano da cajin janareto ba sa raga masa, a canza shi kawai kar ma a ci gaba da jona shi.

Amma masu cewa da gangan kamfanoni ke tsufar da kaya ba surutun shayi suke ba. A Disambar 2017 Apple ya amsa cewa yana rage gudun tsofaffin iPhone, wai don kar su rinƙa mutuwa idan batir ya gaji. Ƙila gaskiya ne, to me ya hana a faɗa wa mutane tun farko su canza batir maimakon su sayi sabuwa? A 2018 Italiya ta ci tarar Apple yuro miliyan 10, Samsung miliyan 5, Faransa ma ta ci Apple miliyan 25 a 2020. Yanzu Tarayyar Turai tun Yunin 2025 ta wajabta afdet na aƙalla shekara 5 da kayan gyara na shekara 7 bayan an daina sayar da waya ko tab.

Mu kuma nan tokumbo muke saye, wato sai Bature ya cinye rabin rayuwar abu sannan ya iso mana, kuma ba wanda zai gaya maka shekarar da aka ƙera shi sai dai ka ji "kilin ne wallahi." Kashe afdet ma ba mafita ba ce, wata rana manhajar banki za ta ƙi buɗewa, ga ɓarayin intanet. Abin da nake so FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, ta yi ba mai wahala ba ne, ta tilasta wa dillalai rubuta shekarar ƙira da afdet na ƙarshe da tab zai iya ɗauka a jikin rasit. Kafin nan kai mai saye ka shiga saitin ka duba lambar samfurin, ka bincika a Google kana tsaye a shagon, ko mai kaya zai haɗe rai.