Don Allah a daina turo min bidiyon nan na "Malam Ibrahim Lincoln"

Ya isa haka nan. Duk wanda ya sake turo min bidiyon yaron nan da ke cewa Abraham Lincoln, tsohon shugaban Amurka, jikan Bafulatani ne, zan toshe shi, ko da ɗakinmu ɗaya. Wai dogo ne, siriri, fatarsa da ɗan duhu, ga shi sunansa Ibrahim, saboda haka namu ne Turawa suka ɓoye. Hujjar ke nan gaba ɗayanta. An sa kiɗa mai ban tausayi, an yi ta zuƙo hoton hancin bawan Allah, jama'a kuma sai rubutawa suke "gaskiya ta yi halinta." In dai tsawo da ramewa ne nasaba, ai rabin 'yan ƙwallon kwandon Amurka danginmu ne, a tashi mota a je karɓo gado.

Kama da wane ba wane ba ne. Nasaba bin ta ake yi, uba bayan uba, kowane da shaidarsa. Kuma abin haushin, yaron nan bai tashi yin ƙarya ba sai a kan ɗaya daga cikin gidajen da aka fi tone wa takardu a duk Amurka.

A 1637 wani saurayi mai suna Samuel Lincoln, yaron masaƙi mai koyon sana'a, ya baro yankin Norfolk na Ingila a jirgin ruwa tare da maigidansa Francis Lawes. Sunansa na cikin rajistar waɗanda aka ba izinin fita ƙasar. Ya sauka a Massachusetts, ya zauna a garin Hingham, wanda aka raɗa wa sunan garinsu na can gida. Ɗansa Mordecai maƙeri ne. Jikan Samuel, shi ma Mordecai, ya gangara New Jersey, daga nan ya wuce Pennsylvania, kuma gidan dutsen da ya gina a 1733 a gundumar Berks yana nan tsaye har yau. Ɗan wannan, John, ya kwashi iyalinsa a 1768 ya nufi kwarin Shenandoah a Virginia. Ɗan John, Kyaftin Abraham, ya sayar da gonarsa a 1780 ya tsallaka duwatsu zuwa Kentucky. Shi ya haifi Thomas, Thomas ya haifi shugaban ƙasa. Mutum bakwai, kowa na ƙara matsawa gaba da inda ubansa ya tsaya, kowa kuma ya bar sawu: wasiyya, takardar cinikin gona, littafin haraji, rajistar coci. To Malam mai bidiyo, a wace gaɓa Bafulatanin naka ya shigo? Nuna mana. Tsakanin wane da wane?

Abin da ya fi burge ni shi ne shi kansa mai sunan ya fi ku kunya. A Disambar 1859, da ake shirin tsayar da shi takara, ya rubuta ɗan taƙaitaccen tarihinsa ga wani abokinsa, Jesse Fell. Ya kai nasabarsa har Pennsylvania, nan ya ja birki. Ya ce an yi ƙoƙarin haɗa su da Lincoln ɗin da ke can Massachusetts, amma ba a samu komai ba illa kamar sunaye: su Mordecai, su Solomon, su Enoch, su Abraham. Ɗan siyasa ne fa mai neman ƙuri'a, dangantaka da tsohon gida mai suna za ta yi masa rana, amma ya ƙi ya ce danginsa ne tunda suna kawai ya gani. Kuma ashe danginsa ne! Sai bayan ya mutu masu bincike suka haɗa zaren da takardu. Mutumin da gaskiya ke hannunsa bai yarda ya faɗa ba don ba shi da shaida, kai da ba ka da komai sai data da bakin magana ka yanke hukunci cikin minti biyu.

Na san abin da za ku ce, don an riga an cika min akwatin saƙo da shi: "Ai Turawa ne suka rubuta takardun, sun goge abin da ba su so." Haba jama'a. Ranar 10 ga Yuni 1806, wani kafinta da da ƙyar yake iya sa hannu, Thomas Lincoln, ya shiga ofishin akawun kotu a gundumar Washington ta Kentucky ya rattaba hannu a takardar lamunin aure ta fam 50, tare da Richard Berry a matsayin waliyyin amarya Nancy Hanks. Bayan kwana biyu wani fasto mai suna Jesse Head ya ɗaura auren. Wato akawun nan ya duba ƙasa ya gano cewa bayan shekara uku za a haifi yaron da zai mulki Amurka, don haka bari ya fara ɓoye Fulani tun yanzu? Takardar ma ɓacewa ta yi wa masu nema. A gundumar Hardin aka haifi Lincoln, can aka yi ta dubawa ba a gani ba, sai 'yan tsegumi suka yi ta yaɗa cewa iyayensa ba su yi aure ba. Ba a tono ta ba sai 1878, shekara 13 bayan an harbe shi. Ya mutu ana yi masa wannan ƙazafin, takarda guda ce ta wanke uwarsa. Ka ga bambancin jita-jita da shaida ke nan, kuma bidiyonku yana ɓangaren masu tsegumin ne, ba ɓangaren takardar ba.

Wasu kuma suka ce mu ai da baki muke riƙe tarihi, ba da takarda ba. To madalla, ban ƙi ba. Amma ko hadisi sai da isnadi: wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa? Yaron nan daga wa ya ji? Daga kakarsa? Kuma ko bakin da ke da isnadi yana zamewa. Labarin da Lincoln ya fi ji tun yana yaro shi ne na kisan kakansa: Kyaftin Abraham na aiki a gona da 'ya'yansa uku, wani ɗan asalin ƙasar ya harbe shi daga cikin daji, babban ɗan, Mordecai, ya ruga bukka ya ɗauko bindiga ya harbe maharin yana dab da ƙaramin, Thomas. Lincoln ya rubuta cewa wajen 1784 abin ya faru. Takardu suka nuna 1786 ne. Jika ne fa, daga bakin ubansa da aka yi abin a gabansa, amma shekara biyu ta zame. Kuma kada a manta, ƙasar da suke sharewa suna kira tasu wurin farautar 'yan asalin ƙasar irin su ƙabilar Shawnee ce, ba fili ne da Allah ya ajiye babu mai shi ba.

Takardun nan ma su ne ke gaya maka dalilin tafiyar. Dokar lokacin ta ba babban ɗa gonakin uba duka, Thomas ya tashi hannu rabbana yana ƙodago. Da ya tara kuɗi ya sayi gona ta dala 200 a 1808, inda aka haifi Abraham ranar 12 ga Fabrairu 1809, sai rigimar takardar mallaka ta taso ya rasa ta. Ya koma Knob Creek, can ma aka maka su a kotu. A Kentucky ta wancan zamani kowa da irin awonsa, fili ɗaya sai ka ga mutum uku riƙe da takarda. Shi ya sa a Disambar 1816 ya tsallaka kogin Ohio zuwa Indiana, inda gwamnatin tarayya ce ta auna ƙasa, ya je ofishin filaye na Vincennes ya yi rajistar eka 160. A Maris 1830 suka sake ɗaure kaya a keken shanu zuwa Illinois.

Eh, akwai giɓi a ɓangaren uwa. Abokin aikinsa na lauya, William Herndon, ya ce Lincoln ya taɓa gaya masa cewa kakansa na wajen uwa wani mai gonaki ne a Virginia da bai auri kakarsa ba. To sai me? Don an ga gurbi babu suna, ba a ce ka cusa kakanka ba.

Gaskiya abin nan yana min ciwo, ban da wasa. Mutanenmu na can Amurka da gaske, kuma su ne aka zalunta a takarda. A ƙidayar 1850 da 1860, bawa ba a rubuta sunansa, sai shekarunsa da jinsinsa da launinsa a ƙarƙashin sunan ubangidansa. Sai 1870 aka fara rubuta yawancinsu da sunayensu. Jikokinsu har yau suna cin karo da wannan bango. Kuma in ɗan gida kuke nema a zamanin Lincoln, ga Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Borno. An kama shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus, ya bi ta Santambul da Rasha, ya isa Amurka, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, wato sojan Lincoln. Ya rubuta tarihinsa da kansa aka buga a 1873. Sunansa na cikin rajistar soja. Wannan ba wanda ya yi masa bidiyo da kiɗan tausayi, sai wanda ba namu ba muke ta ja da ƙarfin tsiya.

Af, tunda an taɓo gidan nan. Uwar Lincoln ta rasu a 1818 yana ɗan shekara tara, nonon saniyar da ta ci wani ganye mai dafi ne ya kashe ta. Bayan shekara guda uban ya koma Kentucky ya auro wata bazawara, Sarah Bush Johnston, mai 'ya'ya uku. Ta zo ta tarar da yara cikin dauɗa, ta wanke su, ta sa aka yi wa ɗakin daɓen katako da ƙofa, ita ce kuma ta tsaya wa yaron a kan karatunsa. Da Lincoln ya ci zaɓe, kafin ya tafi Washington a farkon 1861, sai da ya yi tattaki har ƙauye ya yi mata sallama. Masu shirya mana fina-finai, ku da kullum matar uba ita ce mai zuba wa maraya magani a tuwo, ba ku gaji ba ne?