Motar da ta ƙara tsawo kafin yamma

Sana'ata fenti ce, kuma mai fenti ba ya tafiya shi kaɗai. Ga yaran aiki, ga tsani, ga bokitai da rola da ledar shimfiɗa. Na daɗe ina ɗaukar hayar mota biyu, ta mutane da ta kaya, kuma ba su taɓa isa tare ba: ko yara su zauna suna hira babu fenti, ko fenti ya sha rana babu yara. Da na tara ɗan abin da na tara sai na ce babbar bas mai kujera 15 zan saya, ta kwashe mu gaba ɗaya.

Bincike kam na yi shi. Na san Ford Transit tun 1965 ake ƙera ta, Toyota Hiace tun 1967, Mercedes Sprinter kuwa ƙanwarsu ce, sai 1995 ta fito. Har dalilin da ya sa a Amurka ake tsayawa a kujera 15 na gano: da zarar mota ta kai ta mutum 16 har da direba, sai mai lasisin tuƙin manyan motoci ne zai ja ta. Duk wannan ilimin na juye wa dillali, ya saurare ni cikin ladabi, sannan ya sayar mini da wadda yake da ita. Ta hannu ce, doguwa, fara, da kariyar ƙarfe ta ɗora kaya a sama wadda mai ita na farko ya sa aka yi wa walda da jikin rufin.

Bakanikena ya zagaya ta, ya shiga ƙarƙashinta, ya fito yana karkaɗe riga. Ya ce, "Maigida, wannan ba irin ƙaramar motarka ba ce." Ya nuna mini takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, inda aka rubuta iskar da kowace taya take so, ta baya ta fi ta gaba sosai. Ya ce in za a cika ta a fara daga kujerun gaba, don layin ƙarshe a bayan tayoyin baya yake zaune, nauyi in ya taru can sai gaban motar ya yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana. Da gaskiyarsa, domin a 2001 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta yi gargaɗi a kan irin waɗannan motoci, cewa in mutum goma ko fiye suna ciki, yiwuwar kifewarsu ta kusa ninka uku a kan in ba a cika su ba.

Tuƙinta wani karatu ne. In ka sha kwana, kai ka gama amma bayanta bai ma fara ba. Ribas kuwa sai da madubi da addu'a. Duk inda na rage gudu sai wani ya ɗaga mini hannu, 'yan uwan da suka manta lambata kuma duk suka tuno ta.

Tsani ya ƙi shiga, don haka muka kwance layi biyu na kujerun baya. Wanda bai taɓa ɗaga kujerar bas ba bai san ƙarfe ba. Da kyar muka kai su falo, uwargida ta dube su ta dube ni, ta ce, "Su ma sadaki za a biya musu, ko baƙunta suka zo?"

Ana nan sai muka samu aiki a wani dogon bene mai wurin ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa. A bakin gangaren an rataye allo: mita 2.1. Mun cika ta maƙil, yara a kujerun da suka rage, baya kuma bokitai masu lita 20, kowanne ya haura kilo 25, ga buhunan siminti na shafe bango. Babban yarona ya sauka ya hango sama ya ce, "Maigida, taho, akwai sauran yatsa biyu." Muka shige lafiya ƙalau, har ina yi wa mai gadi hon na gaisuwa.

Da yamma fenti ya ƙare a bango, na sallami yara, na tsaya lissafi da mai aikin. Daga ni sai babban yaron muka shiga mota. Ina isa bakin gangaren fita na ji wani ƙiiii a saman kaina, irin ƙarar da take shiga haƙori. Na taka burki. Kariya ta cije da gimshiƙin kankare, kuma taku kaɗan a gabanta ga jan bututun ruwan kashe gobara yana jiranta.

Mai gadi, wani dattijo, ya taho a hankali da tocilarsa.

"Malam, ta ina ka shigo da ita?"

"Ta nan, Baba."

"To girma ta yi ke nan."

Ashe kuwa girman ta yi. Da safe abin da ya haura tan guda ya danne sifirin ɗinta na baya, irin mai falle-falle, ta durƙusa. Yanzu an sauke mata komai ta miƙe kamar jakin da aka kwance wa mangala. Yatsa biyun nan da muka shiga da su, da ƙarin wasu, duk suna hawa na shida a jikin bango.

Lokacin tashi daga ofis ne, motoci suka jeru a bayana, hon ta ko'ina. Ribas babu hali. Yarona ya ce mu sace iskar tayoyi. Na tuna fuskar bakanike, na kuma tuna babu famfo, babu mai faci a kusa. Ya ce to mu kwance kariyar. Na nuna masa waldar.

Baba mai gadi ya kashe tocila ya ce, "Abin da ya danne ta da safe shi za ka mayar mata. In babu fenti, ai akwai mutane."

Haka na bi layin motoci ɗaya bayan ɗaya, ina ƙwanƙwasa gilashi, ina roƙon mutanen da suke zagina su taimaka su shiga motata. Wani mai kwat da lakataye ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya daɗe yana kallona, sannan ya kashe injinsa. Masu shara suka ajiye tsintsiya suka zo. Baba ya tsaya a ƙofa yana tantancewa: "Kai koma motarka, ba ka da auki. Hajiya, bismilla. Alhaji, ranka ya daɗe, kai muke nema, can baya za ka." Alhajin, mutum ne cikakke masha Allah, ya rasa ko yabo ne ko zagi, amma ya tattare riga ya hau.

Tsugune ba ta ƙare ba. A bayan ake son nauyin, kujerun bayan kuma suna falona. Sai manyan mutane suka zauna dirshan a kan ledar fenti, tsakanin tsani da bokitai marasa komai. Duk abin da bakanike ya hana, shi na tsara da hannuna, sai dai tafiyar ba ta fi taku ashirin ba. Yarona yana waje yana ihu, "Saura kaɗan! Alhaji a ƙara matsawa baya!" Alhaji ya matsa, motar ta yi wani nishi, kariya ta saki kankare. Na ja ta a giya ɗaya, muka wuce ƙarƙashin bututun, kowa ya sunkuyar da kai a cikin mota sai ka ce hakan zai taimaka.

A waje suka sauko suna karkaɗe jiki. Mai kwat ya tafi da shuɗin tambari a bayan wandonsa, babu wanda ya iya gaya masa. Ina cikin godiya Baba mai gadi ya dafa ƙofata ya ce, "Na ji aikin naku sai ƙarshen mako. In gobe ma ciki za ka ajiye ta, gaya mini tun yanzu, in roƙi Alhaji kada ya tashi da wuri."