Kalangun Lantarki da Luguden Maƙwabta

Ƙanina yana da ɗan situdiyo inda yake haɗa wa mawaƙan biki kiɗa da manhajar FL Studio, kuma kullum kukansa ɗaya ne: da linzamin kwamfuta yake dasa bugun ganga ɗaya bayan ɗaya, abin da ke fitowa ba rai ba armashi. Fiyanon da ake jona wa kwamfuta kuwa ya fi ƙarfin aljihunsa. Ni mai gyaran waya ne, kuma duk mai gyaran waya yana fama da cuta guda, in ya leƙa cikin na'ura ya ga wayoyi sai ya ce ai ba wani abu ba ne. Na ce ya kwantar da hankalinsa, zan haɗa masa kalangun lantarki, wanda in an matse shi muryarsa za ta tashi.

Ya ce, "Yaya, ka taɓa yi?"

Na ce, "Wanda ya fara yi ma ai bai taɓa yi ba."

Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne ba na'urar ce za ta fitar da sauti ba. Tun 1983 masu ƙera kayan kiɗa suka amince da wani yare, MIDI, wanda saƙo kawai yake kaiwa: an bugi murya mai lamba kaza, da ƙarfi kaza, duka daga 0 zuwa 127. Kwamfuta ce ke karɓar saƙon ta saki sautin. Ɗan aiken kuma shi ne Arduino, wani ɗan allo da tafin hannu ke rufewa, wanda aka fara yi a garin Ivrea na Italiya a 2005 don ɗaliban da ba injiniyoyi ba. Na ce to, ni da na tayar da wayar da ta kwana a cikin kwata, wa zai gaya min?

A kasuwar Sabon Gari wani mai shago ya miƙo min wani samfurin Arduino mai suna Uno, ya rantse har jirgi ana tuƙawa da shi. Ban musa ba. Sai dai kwamfutar ƙanina ta ƙi karɓarsa a matsayin kayan kiɗa, domin ƙwaƙwalwar Uno, wato ATmega328P, ba ta magana da USB da bakinta, sai an yi mata tafinta. Wani samfurin mai suna Leonardo, mai ƙwaƙwalwar ATmega32U4, shi ake jonawa kwamfuta ta gane shi kai tsaye. Da na koma, mai shagon ya nuna min rubutun da ke bango cewa kaya in ya fita ba ya dawowa, amma ya ce in godewa Allah yana da Leonardo, shi ma ana tuƙa jirgi da shi.

Gangar jikin kalangun ƙwarya ce. Na same ta a saman rumbun kwanukan Hajiya, ta yi ƙura, na ɗauka an yafe ta. Na rufe bakinta da robar tsohon tiyub ɗin babur, na manna wani siririn faifan tagulla a ƙarƙashi, piyezo, wanda in an ƙwanƙwasa shi yake fitar da 'yar wuta. Na haɗa masa resista, wato ɗan abin rage wuta, mai megohm 1 da darma, na kai wayar ramin allon mai suna A0. Na matsewa kuwa, na ciro maɓallin ƙara murya na wata matacciyar rediyo na ɗaure shi da roba, in ka ja ya murɗa, in ka saki ya koma. A MIDI saƙon lanƙwasa murya yana tafiya daga 0 zuwa 16383, tsakiyarsa 8192, kuma robata ba ta taɓa komawa 8192 ba ko sau ɗaya, kullum sai kusa da nan.

Sauran sauti. Cikin kayan kiɗan da aka jera a kwamfutar ƙanina babu kalangu, don haka muka je wurin wani dattijo da ya tsufa yana yi wa mahauta kiɗa. Ya buga mana, muka naɗa, ya karɓi goronsa, ya ce in mun gama wasan yaran mu kawo ya gani.

Daren gwaji, ƙanina ya kawo kwamfutarsa da babbar sifika gidanmu. Na ɗan taɓa robar da yatsa, sai kalangu ya amsa. Wallahi har na ji ƙwalla. Matsalar ita ce bugu ɗaya sai ya amsa da ruwan bugu, saboda faifan yana ci gaba da karkarwa bayan an taɓa shi, allon kuma yana lissafa kowace karkarwa. Na rubuta masa cewa in ya ji bugu ya toshe kunne na ɗan ƙiftawar ido. Ya daidaita. Muka bar komai a jone a ɗakin zaure, a kan daɓe, muka je muka kwanta da niyyar gobe sai tarihi.

Da hantsi ina wanka na ji kalangu. Kiɗa kuwa na sosai, tsararre, mai ɗaukar ƙafa. Na ce lallai yaron nan ya iya. Na fito da tawul sai na gan shi tsaye a tsakar gida da kofin koko a hannu, baki buɗe. Uwargida ta ja yara ta maƙale a ƙofar ɗaki. Hajiya na kan tabarma da carbi, tana jan A'uzu da ƙarfi.

"Wa ke zaure?" in ji ni.

Babu kowa a zaure. Ƙwarya ce zaune ita kaɗai, sifika na zuba kiɗa.

Hajiya ta leƙo ta bayana, tana ganin ƙwaryar ta saki salati. "Kai, ɗan nan! Ƙwaryar Inna ka ɗauko? Wadda ko fura ba a damawa a ciki?" Ashe ta kakarmu ce, kuma a cewar Hajiya, tun tana raye ba a son taɓa mata ita. Kafin in buɗe baki an aika a kira malamin makarantar allo, an kawo kasko da garwashi, hayaƙin habbatussauda ya turnuƙe zauren. Uwargida ta ce, "Malam, na gaya maka ka tsaya a waya." Ba ta taɓa gaya min ba, amma ba lokacin musu ba ne.

Sai kiɗan ya tsaya. Kowa ya yi shiru. Daga bayan katanga muka ji tafi guda, raf, sannan kiɗan ya ci gaba. Ya sake tsayawa, tafi, ya ci gaba. Matan maƙwabcinmu ne ke dakan gero, su biyu a turmi ɗaya, suna lugude, suna cilla taɓarya sama su tafa su cafe. Allon yana auna abin da ke shigo masa daga 0 zuwa 1023, ni kuma na gaya masa duk abin da ya haura 5 bugu ne. Turminsu yana jingine da katangar zaurenmu, daɓe na kawo girgizar, faifan na ji, Leonardo na kai rahoto. Ko wadda ta fi nauyin hannu a cikinsu sai da ya bambance.

Na durƙusa zan ɗaga lambar, ƙanina ya riƙe min hannu. "Yaya, don Allah kar ka gyara!" Ya danna maɓallin naɗa. Malam ya iso ya tarar da mu tsugune a cikin hayaƙi muna tari, muna sauraron daka. Ya yi addu'a duk da haka, ya ce ba ta ɓaci.

Da yamma ƙanina ya ce mu gwada da wata murya, ya sauya kalangu zuwa algaita. A MIDI kowace murya saƙo biyu ce, ɗaya na farawa, ɗaya na tsayawa. Ganga tana mutuwa da kanta, don haka saƙon farawa kaɗai na rubuta. Algaita kuwa ba ta san wannan ba. Na taɓa robar, ta ɗauka, ta riƙe. Masu busa ta gaske sukan ja numfashi ta hanci suna busawa ba yankewa, amma ko su akwai inda suke ajiyewa. Na fizge kebul ɗin, ba ta fasa ba, tunda kwamfutar na nan tana jiran a ce mata ya isa, wanda zai faɗa kuma na cire shi. Ƙanina ya ruɗe ya murɗa sifika ta inda ake ƙarawa. Yaran layi suka sheƙo da gudu suna cewa sarki ne zai wuce. Mai unguwa ya fito yana gyara rawani. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, kuma ban taɓa jin unguwarmu ta yi hamdala a kan ɗauke wuta ba sai ranar.

Da komai ya daidaita muka kai wa dattijon. Ya juya ƙwaryar, ya shinshina robar, ya buga, ya ja igiyar. Ya sake bugawa. Ya ce, "Yaro, kalangu magana yake yi. In na buga, mahauci ya san da shi nake, har sunan ubansa. Naka wannan in an matse shi atishawa yake." Na fara yi masa bayanin cewa kwamfutar ce ta taƙaita lanƙwasar, ana iya faɗaɗa ta. Ya ce in faɗaɗa. Sai ƙanina ya kunna masa abin da ya naɗa da hantsi. Tsohon ya gyara zama, ƙafarsa ta fara motsi.

"Wannan fa? Wa ya buga wannan?"

Muka gaya masa. Ya daɗe yana dariya har hularsa ta faɗi, ya ce waɗannan ko a bayansa zai iya ajiye su.

Kiɗan nan shi ƙanina ya ɗora wa wata waƙar amarya, ta zaga bukukuwan unguwa, har ta faɗa kunnen masu turmin, domin uwargida ba ta iya riƙe labari. Shekaranjiya maƙwabcin ya yi sallama, bayan doguwar gaisuwa ya ce iyalinsa ne suka aiko shi. Ba rigima suke nema ba. Sun dai ce daga yanzu in za a naɗa a sanar da su tun dare, lugude kuɗinsa daban, na tafi daban, geron kuma mu za mu kawo. Hajiya ta riga ta amince a madadinmu, da sharaɗin a mayar mata da ƙwaryar Inna kafin Juma'a.