Duba da katin tarot a Indiya

Wallahi labarin nan na yadda 'yan Indiya ke rububin katin tarot ya dame ni. Dama can suna da son duba, kafin aure ma sai an gwada taurarin ango da amarya, a Tamil Nadu har aku ake sa wa ya zaro kati. Amma tarot ɗin nan ba nasu ba ne fa, kati 78 ne na wasa da aka fara a Italiya wajen 1440, Faransawa suka maida shi abin duba. Yanzu ya shiga waya, ana cajin kuɗi duk minti, kuma matashin da ya rasa aiki hankalinsa a tashe shi ne zai zuba ɗan abin da ya rage masa, tausayinsu nake ji sosai.