Wai mu ba mu da littafi, sai tatsuniya

Wata dattijuwa ce ta jefo mini tambaya a laburaren unguwarmu a nan Yorkshire, arewacin Ingila, har yau tana ci mini rai. Cikin fara'a ta ce, "Ai ku a can da baki kuke adana labari, ko ba haka ba?" Ba da niyyar cin fuska ta faɗa ba, shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Kafin in haɗa amsa, mai jagorantar zaman ta ce a buɗe littafi.

Bari in kwatanta muku zaman. Idan lokacin zafinsu ya shigo, daga Yuni zuwa Agusta, rana kan kai bayan ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba, sai kowa ya fito daga ɗakin da hunturu ya kulle shi. A nan ne ƙungiyar masu karatun ke haɗuwa. Ana jera kujeru a zagaye a wani lungu na laburaren. Yawancinsu 'yan fansho ne, akwai tsohuwar nas, akwai direban bas da ke zuwa da rigar aikinsa. Laburaren ke ba kowa aron kwafi, ba a biyan ko kwabo. Ƙa'idarsu guda ce: a wannan watannin marubutan yankin kaɗai za a karanta.

Sun fara da Emily Brontë ta ƙauyen Haworth, wadda littafinta ya fito a 1847 da sunan namiji, gidansu kuma yanzu gidan tarihi ne da baƙi ke bin layi su shiga. Daga nan sai Barry Hines da labarinsa na 1968, na wani yaro ɗan garin masu haƙar kwal da ya shaƙu da shahon da yake kiwo. Wani tsoho da ya yi aiki a ramin kwal ya miƙe ya karanta shafi guda da karin harshen Barnsley tsantsa, wanda ni da kyar na tsinci rabinsa. Babu wanda ya yi dariya ko ya ce ƙauyanci ne. Wata ma taswira ta zo da ita, ta ja layi da fensir a kan hanyoyin da take ganin yaron ya bi, aka yi ta musu a kai kamar filin gado.

To, mu ne ba mu da littafi? Lokacin da Emily ke rubutu, Nana Asma'u 'yar Shehu tana raye, sai 1864 ta rasu. Tana rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajis ɗinta, wato malamai mata da ta horar, suna ɗauka su kai wa mata a ƙauyuka, a zauna a karanta a yi bayani, ana kiran waɗannan matan 'Yan Taru. In ba ƙungiyar karatu ba ce 'Yan Taru, mece ce? Gasar rubutun Hausa da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a 1933 ta ba mu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin da daga baya ya zama Firayim Minista. Sannan ga guguwar marubutan Kano daga shekarun 1980, su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Kun san yadda kwafi ɗaya ke zagaye gida biyar har bangonsa ya ɓalle a ɗinke shi da zare. Kun san shagunan haya, da yadda gida ke yin tsit in an fara karanta littafi a rediyo. Wallahi ɗokin da na gani a can gida ban gan shi a wannan zagayen kujerun ba.

Su ma mutanen Ingila suna da tasu matsalar, kada a ce na ɓoye. An rufe laburare da dama a ƙasar tun daga 2010 saboda tsuke bakin aljihu, matasa kuma ba ka ganin ƙeyarsu a zaman. Amma dokar 1964 ta wajabta wa ƙananan hukumomi samar da laburare, ta 1979 kuma ta sa ana biyan marubuci ɗan wani abu gwargwadon yawan aron littafinsa. Mu kuwa a 2007 hukuma ce da kanta ta tara littattafan Hausa ta cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata a Kano. Ta yaya dattijuwar Yorkshire za ta san da abin da mai shi ke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa?

Waɗanda suka fi ba ni haushi ma 'yan bokonmu ne, har da mu da ke nan waje. Mutum zai lissafo maka marubutan Rasha da na Faransa, in ka ambaci marubuciyar Hausa sai ya taɓe baki ya ce ai na matan aure ne da 'yan mata. Shekara nawa rabonsa da ya karanta shafi goma a jere da harshen da uwarsa ta yi masa waƙar reno? A zauren WhatsApp na Hausawan yankin nan na kawo shawarar mu zaɓi littafin Hausa ɗaya mu karanta kafin yara su koma makaranta a Satumba. Mutum biyu suka turo alamar babban yatsa. Na uku ya tambaya ko akwai fassararsa da Turanci, saboda yaransa.