Haihuwa a ƙasar zafi ba ta kare mai keke daga illar rana

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wanda aka haifa a ƙasar zafi ya riga ya saba, don haka zai iya tuƙa keke da tsakar rana a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi kan haura digiri 40, ba tare da fargaba ba. Wannan kuskure ne mai haɗari. Sabon da yake kare mutum yana samuwa ne ta hanyar motsa jiki cikin zafi kullum, ana ƙarawa sannu a hankali, na tsawon kwana 10 zuwa 14. A cikin waɗannan kwanaki jiki kan koyi fitar da zufa da wuri, gishirin da ke bin zufar ya ragu, ruwan jini ya ƙaru, bugun zuciya kuma ya sassauta. Sai dai sabon yakan dushe cikin 'yan makonni idan aka daina, saboda haka wanda ya huta a sanyin hunturu ya kamata ya soma da gajeriyar tafiya da sassafe idan bazara ta shigo.

Shan ruwa wajibi ne, amma shi kaɗai ba ya hana zafin jiki hauhawa. Idan mai keke ya ruɗe, ko harshensa ya harɗe, ko ya fara tangaɗi, ko da zufa tana zubo masa, a kai shi inuwa nan take, a jiƙa masa jiki da ruwan sanyi ana yi masa fifita, sannan a garzaya da shi asibiti.